Filin Tambaya da Amsa: Tsohon i7 ko i5 na baya-bayan nan, wanne zan ɗauka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da ɗan shago a nan Daura, ba nisa da Kangiwa, ina buga takardu da katin gayyata da kalandar biki, kwanan nan kuma na fara karɓar aikin haɗa bidiyon biki da walimar sauka, yara su ɗauko mini da waya ko kamara ni kuma in zauna in gyara. To kwamfutar da nake aiki da ita ta gaji wallahi, na ɗan tara abin da ya sawwaƙa, sai wani mai kawo kaya daga Kano ya nuna mini guda biyu duk na hannu, ɗaya Dell OptiPlex 7010 mai Core i7-3770, ɗayar OptiPlex 7060 mai Core i5-8500, kowacce ram ɗinta 8GB. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne mai i5 ɗin ta fi tsada, alhali abokaina duk cewa suke i7 babban yaya ne, kuma na duba na ga gudun i7 ɗin 3.4 ne ita kuwa i5 ɗin 3.0. Dan Allah wacce zan ɗauka, kuɗin nan da ƙyar na haɗa su. Daga mai bibiyarku a Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ka ɗauki mai i5-8500 ɗin. Na fara da wannan ne don hankalinka ya kwanta, amma ka daure ka karanta sauran, domin gobe wani zai sake zo maka da wani i7 ɗin kuma ba kullum za ka same ni ba.

Maganar abokanka cewa i7 ya fi i5 gaskiya ce, amma fa sai in 'yan shekara ɗaya ne. Kamfanin Intel ya fitar da i7-3770 a 2012, shi kuwa i5-8500 a 2018 ya fito, kaga shekara shida kenan a tsakaninsu, kuma a harkar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, shekara shida tafiya ce mai nisa. Kai da kake Daura ka san dokin da ya yi suna a hawan Sallah shekaru goma sha da suka wuce, har yau in an ambace shi ana jinjina kai, kayan adonsa ma suna nan, amma ba wanda zai sa shi sukuwa da na yanzu. Sirrin yana jikin lambar da ke bayan sunan, ba a i5 ko i7 ɗin ba. Lambar farko ita ce janareshan kamar yadda 'yan kasuwa ke faɗa, 3770 na uku ne, 8500 na takwas, in kuma lambobin biyar ne kamar 12400 to biyun farko za ka karanta, wato na goma sha biyu. Da yawa daga masu sayar da kayan nan sun san haka sarai, shi ya sa ka ga mai i5 ɗin ta fi kuɗi, ba cutarka aka yi niyya ba a nan.

Yanzu mu shiga cikinsu. Furosesa a cikinsa akwai 'yan ƙananan ma'aikata da masu gyara ke kira kor. i7-3770 kor huɗu gare shi, sai dai kowanne yana iya riƙe layin aiki biyu, shi ya sa in ka buɗe za ka ga an rubuta takwas. i5-8500 kor shida gare shi, layi shida, ba ƙari. Mutane suna ganin takwas da shida sai su ce ai takwas ta fi, toh ka ɗauka shagon ɗinki ne, a nan tela huɗu ne kowanne an aje masa ɗinki biyu a gabansa, in wannan ya tsaya jiran zare sai ya juya kan wancan, yana rage ɓata lokaci kam amma hannunsa dai biyu ne, a can kuwa tela shida ne cif kowa da kekensa. Ana gobe Sallah wane shago za ka kai ɗinkinka?

Batun 3.4 da 3.0 kuma, wannan gudun zama ne kawai aka rubuta maka. In aiki ya taso i7 ɗin yana hawa har 3.9, i5 ɗin kuwa har 4.1, to ko a nan ma ya wuce shi. Kuma ko da a ce lambar ɗaya ce ba za su zo daidai ba, saboda gigahaz ɗin nan ƙidayar bugu ce a daƙiƙa, ba ta gaya maka nawa ake ɗauka a kowane bugu, sabon ƙira yana kwasar aiki fiye da tsohon a bugu guda. Don haka gwada gigahaz tsakanin furosesan da ba zamaninsu ɗaya ba ɓata lissafi ne.

Amma abin da ya fi damuna game da kai shi ne bidiyo, a nan ne tsohon zai ba ka kunya a gaban kwastoma. Wayoyin yanzu da yawa, musamman iPhone tun 2017, suna ɗaukar bidiyo a tsarin da ake kira HEVC ko H.265 don kar ya cinye waje. Ɓangaren hoto da ke cikin i5-8500, wato UHD 630, an gina masa wurin warware irin wannan bidiyon shi kaɗai ba tare da ya wahalar da kor ɗin ba. HD 4000 da ke cikin i7-3770 bai san shi ba sam, H.264 ya sani, to duk sanda yaronka ya kawo maka ɗaukar kamu ko ɗaurin aure daga irin wayoyin nan sai kor huɗun nan su ɗauki kayan a ka, kana jan bidiyo gaba yana tsinkewa, murya ta yi gaba hoto na baya, fanka na kuka, kai kuma uwar amarya na kiranka a waya. Bayan wannan akwai wani rukunin umarni da ake kira AVX2 wanda Intel bai fara sa shi ba sai a janareshan na huɗu a 2013, wato i7-3770 ya rasa shi da shekara ɗaya tak, kuma sababbin fitowar Premiere Pro, manhajar gyaran bidiyo, suna buƙatarsa, in babu ba za su hau ba. Za ka iya zama da tsohon fitowa, mutane da yawa haka suke yi, amma ka sani ƙofa ce ka rufe wa kanka tun ranar saye.

Sai Windows. Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da ɗan ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista, kuma Windows 11 a ƙa'ida daga janareshan na takwas na Intel yake karɓa. Kaga i5-8500 ya shiga da ƙafar dama, i7-3770 kuwa sai an bi ta bayan gida, ana yi kam, yaran shago sun iya, amma ba ni son mutum ya ɗora abincinsa a kan dabarar da sabuntawa ɗaya za ta iya rushewa.

Kada kuma ka manta ba furosesa kaɗai kake saya ba, gida kake saya da duk abin da ke ciki. 7010 ram ɗinta DDR3 ne, 7060 kuwa DDR4, sannan 7060 tana da ramin M.2 inda ake soka SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, irin siririn nan mai kama da cingam, wanda ya fi wanda ake jonawa da kebul gudu nesa ba kusa ba. Ka tambayi mai kayan me ke ciki, in tsohon hadis (hard disk) mai juyawa ne to tun a wurin ka sa a canza maka da SSD, don wallahi na sha ganin kwamfuta mai furosesa na kirki tana rarrafe saboda hadis kawai, mai ita yana ta zagin furosesa. Ram 8GB kuma ya yi maka kaɗan a aikin bidiyo, ka nemi ka kai 16GB, kuma gara sanda biyu na 8 da sanda ɗaya ta 16, domin ɓangaren hoton nan na cikin furosesa daga ram yake ci, in sanda biyu ce hanya biyu yake samu.

Wuta ma abin dubawa ce tunda yawancinmu a janareta ko sola muke. Intel ya rubuta wat 77 ga i7-3770, wat 65 ga i5-8500. Wannan lambar ba ita ce ainihin abin da mita za ta nuna ba, awon zafin da aka tsara fanka ta kwashe ne, amma tana nuna maka inda aka dosa, kuma wanda ya gama aiki da wuri ya koma hutu ai shi ya fi tausayin batirinka. Sai dai ka lura da harafin ƙarshe. Akwai i5-8500T, mai T a wutsiya, shi ake sawa a 'yan ƙananan akwatunan nan da ba su wuce girman littafi ba, wat 35 ne, gudunsa daga 2.1 zuwa 3.5, yana da daɗin sha'ani a kan inbata amma bai kai ɗan'uwansa marar T ƙarfi ba. In bidiyo ne gabanka ka nemi marar T a babban akwati ko matsakaici.

Bari in ba ka labarin abin da na gani da idona a wani shago a nan cikin Katsina wajen Ƙofar Ƙaura, lokacin zafin nan na watan Afrilu da ko ruwan randa ɗumi yake yi. Mai shagon ya kira ni wai sabuwar kwamfutarsa mai janareshan na takwas tsohuwarsa ta fi ta sauri, ya rantse an cuce shi. Muka sa bidiyo ɗaya a duka biyun, da farko sabuwar ta yi gaba abinta, can bayan 'yan mintuna sai ta fara ja da baya, fanka na ihu kamar injin markaɗe. Na ce a kawo sukundireba. Muna buɗewa, ƙurar hunturu ta dunƙule a jikin ƙarfen sanyaya ta zama kamar bargo, sai da na sa yatsa na ɓamɓaro ta a dunƙule, da na ɗaga ƙarfen kuma man da ake shafawa tsakaninsa da furosesa ya bushe ƙamas kamar ƙanzo a gindin tukunya. Furosesa in ya doshi digiri 100 shi da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone, to abin da ke faruwa kenan. Muka hure ƙurar, muka goge muka shafa sabon mai ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake, aka sake gwaji, ta gama tsohuwar tana da sauran tafiya. Na kawo wannan ne don ka san kayan na hannu sun yi shekaru a ofisoshin Turai ko Amurka kafin su iso mu, ba wanda ya taɓa canza musu man nan, to duk wadda ka saya wannan ne aikin farko, kuma duk ƙarshen hunturu ka buɗe ka hure.

Ranar da za ka biya kuɗi kar ka yarda da sitikar da ke jikin akwati, sitika ko yaro zai iya liƙawa. A kunna a gabanka, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga wajen da ke nuna aikin furosesa, sunansa cikakke zai fito daga sama har da harafin ƙarshe in akwai, ka ga kor nawa ne, ka leƙa ram ka leƙa hadis. Ka tafi da filas ɗinka da bidiyon biki na minti biyar irin wanda ka saba karɓa, a sa a duka biyun, ka kunna agogon wayarka ka ga wacce za ta riga fitarwa, ka kuma kasa kunne ga fanka. Mai kaya na gaskiya ba zai hana ka wannan ba.

Ban ce i7-3770 ya mutu ba fa. Da cewa ka yi buga takardu kawai kake yi da rajistar jarrabawa da ɗan CorelDRAW na da, ko kana son ka jera guda biyar ka koya wa yara taifin, kuma an sakar maka ita da araha sosai, sai in ce sa mata SSD ka ci gaba da harkarka, za ta yi. Amma kai ka riga ka sa ƙafa a bidiyo, kuma aikin bidiyo ƙaruwa yake ba raguwa ba.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗaliba ce a nan Katsina, ina karanta fannin zanen gine-gine, yayana ya ce zai haɗa mini kwamfutar tebur sabuwa daga kaya ɗai-ɗai maimakon laftof tunda a gida nake yawan aiki. An ba shi zaɓi biyu, AMD Ryzen 5 5600 ko Intel Core i5-12400, shi bai san kan abin ba ni ma haka, kuma kuɗin ba za su kai a sayi katin girafik yanzu ba sai nan gaba. Wanne ya fi? Na gode.

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu, ya saka wa yayanki da alheri. Taki ta sha bamban da ta ɗan'uwanmu na Daura, domin waɗannan biyun sa'annin juna ne, duk a 2022 suka fito, i5-12400 a Janairu, Ryzen 5 5600 a Afrilu. Kowanne kor shida layi goma sha biyu, kowanne yana hawa har 4.4, kowanne an rubuta masa wat 65. Ryzen ɗin ya fi girman ma'ajiyar kusa, wato 'yar ma'ajiyar cikin furosesa da ake kira cache, 32MB a kan 18MB na Intel, abin da ke taimaka masa a wasanni, shi kuma Intel ɗin ya ɗan fi shi a aikin kor ɗaya, wanda manhajojin zane irin AutoCAD suka fi dogara a kai. Amma gaskiyar magana in an aje miki su biyu an rufe akwatin ba za ki iya cewa ga wannan ga wancan ba, kar ki bari musun 'yan AMD da 'yan Intel ya ɗauke miki hankali.

Jimlarki ta ƙarshe ita ta yanke hukunci. Ryzen 5 5600 ba shi da ɓangaren hoto a cikinsa ko kaɗan, in aka haɗa shi ba katin girafik, za a kunna fanka ta juya fitila ta kama amma allo baƙi ƙirin zai tsaya, ba abin da zai fito. Na ga wanda ya yi wannan kuskuren ya kwana yana zargin madabod, wato babban faifan da ake ɗora furosesa da sauran kayan a kai. i5-12400 kuwa yana da UHD 730 a ciki, za ki fara aiki tun ranar, zanen layi da ƙananan samfura zai ɗauka, in Allah ya hore kati daga baya sai a soka. Don haka a halin da kike ciki i5-12400 za a saya. Amma ki ja kunnen yayanki da kyau, akwai i5-12400F, mai F a ƙarshe, ya fi araha, wannan F ɗin ma'anarsa babu hoto, tarkon dai ɗaya ne da na Ryzen ɗin. In kuma ya fi son AMD to 5600G zai nema, mai G, shi yana da hoto a ciki kuma hoton nasa ya fi na Intel ɗin ƙarfi, sai dai an rage masa ma'ajiyar kusa zuwa 16MB.

Sai a kula da madabod, don ba sa shiga ramin juna. Intel ɗin LGA1700 yake hawa, bod irin H610 ko B660, kuma bod ɗin wani na DDR4 ne wani na DDR5, ba a haɗa su, a tabbatar ram ɗin da aka saya ya dace da bod ɗin, ni DDR4 zan ce a ɗauka in shi ya fi sauƙin kuɗi, a sa rarar a kai ram 16GB ko ma 32GB, don zanen gini mai hawa-hawa ram yake ci. Ramin nan kuma yana karɓar janareshan na 13 da na 14 in an sabunta BIOS, 'yar manhajar da ke jikin bod ɗin, wato akwai wurin ƙari nan gaba. Ryzen AM4 yake hawa, DDR4 kawai, kuma in tsohon bod ne irin B450 wani sai an sabunta masa BIOS kafin ya gane furosesan.

Ƙaramin abu ɗaya da ke jawo asara, a Intel 'yan siraran alluran suna cikin ramin bod ne, a AM4 kuwa a jikin furosesan suke, ko ta ina ne in ɗaya ta lanƙwashe an shiga uku, don haka kar a biya sai an haska fitilar waya an duba su layi-layi, kuma a bar wanda ya saba ya ɗaura. Tukunyar wuta ma, wato power supply mai raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, kar a sayi ta banza don araha, tunda kati na zuwa a ɗauki mai ɗan ƙarfi daga kamfanin da aka sani, a haɗa da UPS ko sitabilaiza saboda yadda wuta ke hawa da sauka. In yayanki ya samo sunan bod ɗin da za a ba shi, ki turo mini kafin ya biya in duba miki.